Gurbin Mai Riƙo

Ƙarfe tara saura kwata na safe ne, hadari ya haɗu tun asuba amma ya ƙi zubarwa, sai yayyafi irin wanda ba ka sanin ya jiƙa ka sai ka taɓa kafaɗarka. Ni da ƙanwata Auta muna zaune a kan benci a bakin ofishin sashensu na jami'a, muna jiran a buɗe taga. Kwana biyar ke nan da rasuwar Baba.

Ni ban yi karatu mai nisa ba. Daga aji uku na sakandare na ajiye, na zauna a shago wurin Baba ina koyon gyaran fanka da dutsen guga da rediyo. Auta ce mai kan karatu a gidanmu. Tana shekarar ƙarshe a fannin harhaɗa magunguna, jarrabawa ɗaya ta rage mata, ta ɗakin gwaji, wadda ake yi sau ɗaya tak a shekara. Ranar jarrabawar ce Baba ya cika. Ta riga ta shirya, ta rataya jaka, farar rigarta ta gwaji a ninke a hannu, ta leƙa ɗakin asibitin don ta ce masa za ta tafi. Sai ta ga numfashinsa ya canza. Ta ajiye jakar a ƙasa. Ba ta sake ɗaukarta ba sai da yamma, bayan mun dawo daga kai shi makwancinsa.

Dokar jami'ar, yadda Auta ta karanta min, ta ce wanda aka yi wa rasuwa ya kawo takardar uzuri cikin kwana bakwai tare da shaidar asibiti, sai a sa masa ranar da zai rama jarrabawar. Wanda bai samu uzuri ba kuwa sai baɗi. Shekara guda cur a kan darasi ɗaya, abokan karatunta su fita su bar ta.

Da tara ta yi aka ɗaga tagar. Sakatariyar sashen ce a ciki, mace mai ɗan shekaru, tabarau a rataye a wuyanta. Auta ta gaishe ta, ta miƙa takardun.

"Lambarki?"

Auta ta faɗa. Matar ta miƙe ta jawo fayil daga durowa, ta dawo ta zauna.

"Wa ya rasu?"

"Babana."

"Allah ya jiƙansa," in ji ta, ba ta ɗago ba. Ta sa tabarau. Ta duba shaidar asibitin, ta duba fayil, ta sake duba shaidar. Sannan ta ɗago.

"'Yan mata, sau nawa babanki zai rasu?"

Auta ta tsaya tana kallonta.

"Ga shi nan, ranar da kika shigo makarantar nan da hannunki kika rubuta mahaifi marigayi. Shekara biyar ke nan. Yau kuma kin kawo min sabo, sunan ma ba ɗaya ba."

Auta ta ja da baya daga tagar. Ta juya ta tafi can ƙarshen baranda ta tsaya, ta ba mu baya. Ni na matso bakin tagar.

"Ranki ya daɗe, ba ƙarya ta yi ba."

"Kai kuma wa?"

"Yayanta ne."

Na yi mata bayani a hankali, don ni ba na iya magana da sauri. Mahaifinmu ya rasu Auta tana wata bakwai, ni ina shekara shida. Mahaifiyarmu ba ta cika shekara ba ta bi shi. Ƙanin mahaifinmu ne ya zo ya ɗauke mu, ni a kafaɗa, Auta a bayan matarsa, wadda muke kira Umma. Allah bai ba su haihuwa ba. Tun daga ranar ba mu da wani gida.

"Ƙanin uba ke nan," in ji ta.

"Baba ke nan."

"Na ji. A gida Baba ne. A nan ƙanin uba ne." Muryarta ta ɗan sauka. Ta nuna min wata takarda da aka manna a jikin gilashin tagar, ta bi ta da bayan biro tana karantawa. "Uba, uwa, miji ko mata, ɗa ko 'ya, ɗan'uwa ko 'yar'uwa ciki ɗaya. Ko mai riƙo, in sunansa yana cikin fayil."

"To alhamdu lillahi," na ce. "Ai shi ke nan."

Sai ta juyo min da fayil ɗin, ta ɗora yatsa a kan layin. A gurbin mai riƙo, sunana ne a rubuce, da rubutun Auta.

Wallahi na manta da wannan rana sai da na ga sunan. A shago ne, da hantsi. Baba ya buɗe cikin wata fanka yana duba wayoyinta, Auta tana zaune a kan kwali tana cika takardun shiga jami'a, tana karanta mana kowane layi da ƙarfi don ta ji daɗin bakinta. Da ta zo kan sunan mahaifi, Baba ya ce ta sa na yayansa, don sunan yayansa ba zai ɓace a takarda ba muddin yana raye. Ta sa. Sai ta karanta layi na gaba.

"Sunan mai riƙo."

Baba ya ajiye sukudireba. "Wa ake riƙo?"

"Baba, haka suka rubuta."

"Fankar mutane nake riƙo, mai ita ya zo ya ɗauka. Ke wa zai zo ya ɗauke ki?"

"To me zan sa? Ba a barin wurin haka."

Ya nuno ni da haɓa. "Sa sunan wancan ƙaton. In riƙo suke nema shi ya riƙe ki."

Umma ta kawo mana abinci a lokacin, tana bakin ƙofa. Ta ce, "Wannan? Ko wandonsa bai gama riƙewa ba." Muka yi ta dariya, har Baba yana tari. Auta ta rubuta sunana tana share hawayen dariya.

Haka yake da kalmar nan. Akwai maƙwabcinmu mai kanti da ya taɓa cewa a gabansa, "'ya'yan riƙon nan naka sun girma." Baba ya ci gaba da aikinsa. Amma rediyon mutumin wata uku ya yi a shagonmu, kullum ana cewa ba a samu kayan gyaransa ba.

Na ba sakatariyar wannan labari, ban san ma dalili ba. Ta cire tabarau ta murza idonta.

"Ni ba ni da ikon komai sai karɓa da bugawa," ta ce. "Ku hau sama ku ga shugaban sashe."

Shugaban sashen dattijo ne mai furfura, ya koyar da Auta tun tana aji biyu. Ya ba mu kujeru, ya yi mana gaisuwa ta sosai, har ya tambayi ciwon da kwana nawa aka yi a asibiti. Sannan ya jingina.

"Kun san abin da ya kawo dokar nan? Shekarata ta farko a kujerar nan, akwai yaron da ya binne kawunsa sau huɗu, duk a makon jarrabawa. Bayan na huɗun, kawun da kansa ya zo ɗaukarsa a mota, har ya hawo ya gaishe ni."

Ya fara dariya, sai ya dubi Auta ya haɗiye dariyar.

"Ba ni ke yankewa ba, kwamiti ne, kuma yawancinsu ba su san ki ba. Takarda kawai za su gani. Amma akwai ƙofa." Ya yagi 'yar takarda ya yi rubutu ya tura mata. "Ki rubuta musu wasiƙa da hannunki. Ki ce marigayin ƙanin mahaifina ne, shi ne mai riƙona, kuskure aka yi ba a sa shi a fayil ba. Kalmar nan ta fito ɓaro-ɓaro, don ita ce a cikin doka, da ita zan kare ki. Kada ki ce uba, za su ce kin maimaita abin da fayil ya ƙaryata. Ki haɗa da duk wata shaida. Jibi ne ranar ƙarshe."

Auta ta karɓi 'yar takardar da hannu biyu, ta yi godiya. Muka hau mota muka koma gida.

A gida masu gaisuwa sun ragu, sai Umma a kan tabarma a tsakar gida da ƙanwarta tana wanke kofuna. Na faɗa mata ana neman shaida.

"Shaidar me?"

"Cewa ku kuka rene ta."

"To su aiko a duba bayana," in ji ta. Amma ta tashi ta shiga ɗaki, ta jawo tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai katinan sakamakon Auta tun daga aji ɗaya na firamare, an ɗaure su da roba. A ƙasan kowane kati akwai wurin da aka rubuta sa hannun uba ko mai riƙo. A kowanne, Baba ya ja layi biyu ya kashe mai riƙo, sannan ya sa hannunsa, wanda yake kama da wayar da aka nannaɗe. Kati goma sha biyu, bai tsallake ko ɗaya ba.

Auta ta jera su a kan gado ta daɗe tana kallo.

Washegari na buɗe shago, karo na farko tun rasuwar, don akwai masu kaya da suka yi haƙuri. Auta ta biyo ni da littafi da biro, ta ce gida akwai hayaniya. Ta zauna a teburin Baba, ta ture gwangwanin kusoshi gefe, ta shimfiɗa 'yar takardar shugaban sashe a gabanta. Ni ina can ina canza wa wani dutsen guga waya. Sai in ji ƙarar biro, sai in ji shiru, sai in ji an yage takarda. Da azahar na je zubar da shara, na ɗauki takardun da ta dunƙule na warware. Guda biyar. Dukkansu a wuri ɗaya suka tsaya: marigayin ƙanin mahaifina ne, shi ne mai. Daga nan babu komai.

"Auta," na ce, "kalma ɗaya ce fa."

"Na sani, Yaya."

"Baba ba zai so ki rasa shekara ba. Kin san yadda yake ƙirga watannin nan."

"Kai ma kana wurin ranar. Ka ji abin da ya ce."

"Na ji. Amma da ya san haka za ta zama..."

"To ba ya nan balle a tambaye shi."

Na koma kan dutsen gugan. Ni dai na san gyaran abin da ya ƙone a ciki, in dai da waya yake aiki.

Da la'asar Umma ta aiko a kira ta. Na bi ta. Umma ta zaunar da ita a gefenta.

"Yayanki ya faɗa min. Ki rubuta musu abin da suke so, 'yar nan. Ni da na goya ki na yarda."

"Umma, hannuna ne ya ƙi."

"Ubanku da taurin kai ya zo duniya, da shi ya koma. Kada ki gaje shi duka, ki rage wa yayanki ko rabi ne, shi da ko kaza ba ya iya kora."

Auta ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta kifa kanta a cinyar Umma. Umma tana shafa bayanta tana cewa, "Rubuta, kin ji? Rubuta." Amma ita ma, na lura, ba ta faɗi kalmar da bakinta ba ko sau ɗaya.

Ranar ƙarshe da safe Auta ta ba ni ambulan, ta ce in kai, ita ba za ta iya sake tsayawa a tagar nan ba. Ba ta liƙe bakinsa ba. A cikin mota na ciro wasiƙar. Shafi biyu ne. Karatuna ba sauri gare shi ba, sai da muka wuce tasha uku kafin na gama. Ta faɗi gaskiya duka. Ta ce marigayin ƙanin mahaifinta ne na jini. Ta ce ya ɗauke ta tun tana goye, shi ya kai ta makaranta ranar farko, shi ya kwana da ita a asibiti da ta yi ƙyanda, shi ya sa hannu a kowane kati. Ta ce da za ta iya barinsa a kan gadon nan ta zo jarrabawa da ta zo. A ƙarshe ta rubuta: ban san wani uba ba sai shi.

Na sake bi daga sama, layi bayan layi, da yatsa. Kalmar ba ta ciki.

Akwai biro a aljihuna. A shafi na farko, bayan inda ta ce ƙanin mahaifina ne, akwai ɗan fili da zai ɗauki kalma uku in mutum ya matse. Na ciro biron, na ɗora takardar a kan gwiwata. Na ce a raina rubutuna kamar tsakurar kaza yake, za su gane ba hannu ɗaya ba ne. Na ce motar ma tana girgiza, bari a tsaya. Motar ta tsaya. Mutane suka sauka, wasu suka hau. Ina riƙe da biron har ta sake tashi. Ba rubutun ne ya hana ni ba, gara in faɗi gaskiya. Ni ma a kafaɗarsa na shigo gidan.

Sakatariyar ta karɓa ta karanta a tsaye, shafi biyun duka. Ta warware robar ta duba katinan ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan layukan da Baba ya ja.

"Ba ta sa ba," ta ce.

"Ba ta sa ba."

"Shugaban sashe bai faɗa mata ba?"

"Ya faɗa."

Ta dube ni ta saman tabarau kamar za ta yi faɗa. Sai ta ɗauki hatimi ta buga, ta rubuta kwanan wata.

"Ka dawo bayan mako biyu."

A mako biyun nan Auta ba ta fasa karatu ba. Kullum da safe sai ta zo shago da littattafanta ta zauna a teburin Baba, ta ce ko za a sa rana. Masu kawo gyara suka saba da ita, har wani tsoho ya fara tambayarta maganin ciwon gwiwa, tana cewa ba ta gama ba tukuna, yana cewa ai saura ƙiris.

Ranar da na koma, harabar jami'ar ta yi shiru. An gama jarrabawa, ɗalibai suna ta jan akwatuna zuwa bakin ƙofa. Babu layi a tagar. Sakatariyar tana ganina ta ciro takarda daga ƙarƙashin wani littafi, alamar ta riga ta ware ta.

"Ranki ya daɗe, ki karanta min, kada in yi kuskure."

Ta karanta. Kwamiti yana taya ɗalibar baƙin cikin rashin da aka yi. Kwamiti ya duba wasiƙarta da shaidunta. Sai dai dangantakar da ta bayyana ba ta cikin waɗanda doka ta lissafa, kuma marigayin ba shi ne a gurbin mai riƙo ba, ɗalibar ma ba ta nemi a gyara ba. Don haka za ta sake ɗaukar darasin a shekara mai zuwa.

"Shugaban sashe ya yi magana a wurin," ta ce. "Ina ciki, ni nake rubutawa. Ya yi magana sosai. Mutum biyu suka bi shi, huɗu suka ƙi."

"Allah ya saka masa."

"Ka ce mata rajistar darasin farkon zango ake yi, kada ta makara." Ta turo min ambulan mai ƙauri ta ƙasan taga. "Ga kayanku. Asali ne, bai kamata su zauna a nan ba."

Wani malami ya shigo ta ƙofar baya yana neman makulli, ta juya wurinsa. Na tsaya kaɗan, na ga ba ta da lokacina, na tafi.

A bakin titi na kira Auta. Ta ɗauka tun bugun farko.

"Yaya?"

"Sai baɗi, Auta."

Ina jin ƙarar fankar shago a bayanta.

"To," ta ce. Can kuma ta ce, "Ka ci abinci?"

"A'a."

"Ka taho. Ka tabbata katinan Umma sun cika, za ta ƙirga."

Na zauna a kan dakalin tasha na buɗe ambulan ɗin. Shaidar asibiti tana sama, katinan a ƙasa, an jera su daga aji ɗaya zuwa na ƙarshe, an sa musu sabuwar roba. Na ƙirga, goma sha biyu. Na aji ɗaya, wanda tun ina yaro ya rabe biyu a wurin ninki, na ga ya zama guda. Na juya bayansa. An haɗa shi da salatif, an daidaita bakin da bakin, an yanke salatif ɗin da almakashi a gefe. Ta baya aka liƙa, ba abin da ya hau kan sa hannun Baba.

Na ɗaga kai na dubi ginin sashen. Daga nan ba a hango tagar. Mota ta zo, yaron mota yana kiran unguwarmu, na mayar da katinan cikin ambulan na sa a cikin riga na hau.